GIYAR BABUR: ABIN DA KE ƁATA TA, DA HAƊARINTA, DA GYARANTA

An shirya wannan 'yar takarda domin Hakimai da magatakardansu, don su sami abin da za su gargaɗi talakawansu da shi game da babur. A yau babu gundumar da babur bai ratsa ta ba. Shi ke kai malamin gona ƙauye, shi ke kai mai allurar rigakafi rugar Fulani, shi ke ɗaukar buhun masara ran kasuwa, sau da yawa kuma a kansa a ke ɗora mai naƙuda da tsakar dare zuwa asibiti. Aikin da doki da jaki su ka yi wa mutanen dā, yanzu galibinsa ya koma wuyan babur.

Doki in ba shi da lafiya ya kan ƙi cin abinci, mai shi ya gane. Babur ma ya kan nuna alama tun kafin ya kwanta, sai dai ba kowa ya iya karanta alamar ba. Cikin ciwace-ciwacen babur kuwa, kaɗan ne su ka kai na giya muni, domin shi ne ke iya ƙulle ƙafar baya alhali ana cikin gudu.

YADDA ƘARFI KE ZUWA ƘAFAR BAYA

Injin ƙaramin babur ya kan juya sau dubu biyar ko fiye a cikin minti guda. Ƙafar baya kuwa, in ana tafiyar kilomita 50 a awa, juyinta bai wuce kimanin sau 450 a minti ba. Saboda haka tilas a sami abin da zai rage saurin inji, ya mai da shi ƙarfin ja. Abubuwa uku ke yin wannan aiki, ɗaya na miƙa wa ɗaya: kuloci, da akwatin giya, da kaca.

Kuloci wasu faifai ne da a ka jera su, ɗaya na ƙarfe ɗaya mai ɓawo a fuskarsa, bi da bi, sifirin na matse su wuri guda. In mahayi ya saki hannun kuloci sai su manne, ƙarfin inji ya wuce. In ya matse hannun sai su rabu, ƙarfin ya yanke. A baburan da su ka fi yawa a Arewa, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue da Honda CG125, waɗannan faifai a cikin baƙin mai su ke kwance. Babur ɗin da a ke kira roba-roba, wanda ya samo asali daga Honda Super Cub na 1958, ba shi da hannun kuloci, domin nasa da kansa ya ke kamawa in inji ya ɗauki gudu.

Akwatin giya kuwa sanduna biyu ne na ƙarfe, kowanne ɗauke da ƙafafu masu haƙora, manya da ƙanana, haƙoransu a sarƙe da juna kullum. A gefen waɗansu ƙafafun akwai 'yan ƙahoni, a gefen maƙwabtansu kuma akwai ramuka. Sa'ad da mahayi ya taka giya, wani ɗan gangan ƙarfe mai tsagi a jikinsa ya kan juya, ya tura wani ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa, gwafar nan ta matsar da ƙafa guda har ƙahoninta su faɗa ramukan maƙwabciyarta. Wannan faɗawa ita ce ƙaran da a ke ji in giya ta shiga. Yawancin ƙananan babura giya huɗu ko biyar gare su.

Daga nan sai kaca ta ɗauki ƙarfin, daga ƙaramin faranti mai haƙora da ke jikin inji zuwa babban faranti da ke ƙafar baya. Misali, in na gaba yana da haƙori 14, na baya 42, sai na gaba ya juya sau uku kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. Irin wannan kaca wani injiniya mai suna Hans Renold ne ya ƙago ta a birnin Manchesta na Ingila cikin 1880, har yau kuwa fasalinta bai sake ba. Wadda a ka fi gani a ƙananan babura ita ce mai lamba 428, wadda tsakanin gaɓa da gaɓa rabin inci ne. A cikin cibiyar ƙafar baya kuma akwai waɗansu robobi da ke shanye fizgar kaca.

Abu guda ya kamata a riƙe. A galibin irin waɗannan babura, baƙin mai guda ne ke wanke inji da kuloci da akwatin giya gaba ɗaya, yawansa kuwa bai wuce kimanin lita guda ba. In man nan ya ɓaci, su uku ne za su sha wuya tare.

ABUBUWAN DA KE KAWO ƁARNA

Na fari, baƙin mai. Haƙoran giya na niƙa mai kamar yadda dutsen niƙa ke niƙa hatsi, don haka man babur ya fi na mota saurin gajiya. Mai babur da ya bar mai ya yi wata da watanni yana ƙara kaɗan-kaɗan ba ya juyewa, yana zuba sabon ruwa ne a tulun da ba a wanke ba. Akwai kuma man da a ke aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, wani ma tsohon mai ne a ka tace. Har wa yau, waɗansu mayukan mota na zamani an sa musu maganin ƙara santsi, wanda ke sa kulocin babur zamewa. Saboda haka ne masana'antun Japan su ka fito da ma'auni cikin 1998, su ka sa alamar JASO MA a kan galan ɗin man da ya dace da kulocin da ke cikin mai. Mai saye ya duba wannan alama, ya kuma duba lambar kauri da littafin babur ɗinsa ya ambata, galibi 20W-50 ko 10W-30.

Na biyu, ƙura da ruwa. Da hunturu ƙurar hanyar burji ta kan hau kaca, ta gauraya da maiƙo, ta zama kamar garin wasa wuƙa, ta dinga cin ƙarfe. Da damina kuwa, in an ratsa rafi ruwa ya kan wanke maiƙon kaca ya bar ta ga tsatsa, wani lokaci ma ya shiga cikin inji. In an buɗe mai an gan shi ya yi fari-fari kamar an zuba nono, to, ruwa ya shiga, sai a juye shi ran nan.

Na uku, lodi. An ƙera babur domin mutum biyu da ɗan kaya. In an ɗora mutum huɗu, ko buhu uku na taki, a ka hau tudu, mahayi ya kan riƙe kuloci rabi yana ba da wuta. Nan faifan ke gogar juna har su ƙone, kaca kuma ta miƙe tun kwananta bai kai ba.

Na huɗu, hannun mahayi da ƙafarsa. Wani ya kan buga giya da ƙarfi ba tare da ya matse kuloci ba. Wani ya kan aza ƙafa a kan abin taka giya duk tsawon tafiya, gwafa na gogar ƙafar giya tana cinyewa. Wani kuma in ya zo gangara sai ya sa firi, ko ya kashe inji don ya rage shan fetur, in ya kai ƙasa ya jefa giya babur na cikin gudu. Kowace irin wannan bugu tana gutsure bakin ƙahonin nan, har su yi sulɓi su kāsa riƙewa.

Na biyar, jabun kayan gyara da mugun aiki. A manyan kasuwanni kamar Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Nnewi a Jihar Anambara, ana samun na ƙwarai ana samun na banza, wani lokaci a kwali iri ɗaya. Faranti mai taushin ƙarfe ya kan cinye cikin 'yan makonni. Araha ba ta ado.

ALAMUN DA BABUR KE NUNAWA

1. In an ba da wuta a babbar giya inji ya yi kuka amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke zamewa. Ko dai wayarsa ta yi tsauri, ko faifan sun cinye, ko man bai dace ba.

2. In an matse kuloci an sa giya ta ɗaya babur ya dinga jan jiki gaba, firi kuma ya yi wuyar samu, kuloci ne ba ya saki sosai. Ko wayar ta yi sako-sako, ko faifan ƙarfe sun lanƙwashe don zafi.

3. In giya na fita da kanta, musamman ta biyu, sa'ad da a ka ba da wuta, ƙahoni sun cinye ko gwafa ta tanƙware. Wannan ciwo ba ya warkewa da kansa, kullum ƙaruwa ya ke yi.

4. In ana jin gurnani ko kuwwa daga cikin inji, yana sakewa in an sake giya, boris ne ko haƙori ya gutsure.

5. In an juye mai an ga 'yan ɓarɓashin ƙarfe na ƙyalli a ciki, ko guntun haƙori, kada a sake hawa sai an buɗe.

6. In an kama kaca a bayan babban faranti an ja ta baya, har a ka ga rabin haƙori a fili, ta ƙare. Haka kuma in haƙoran faranti sun yi tsini sun lanƙwasa kamar farcen shaho.

7. In ana jin ƙwal a ƙafar baya duk sa'ad da a ka tashi ko a ka rage wuta, robobin cibiya sun mutu.

HAƊARIN DA KE CIKI

Mai tafiyar kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin ya gane abin da ya same shi ya riga ya wuce tsawon babban zaure biyu. Wannan shi ya sa ƙa'idar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa babur kilomita 50 a awa.

Haɗari mafi muni shi ne ƙullewar ƙafar baya. In guntun haƙori ya faɗa tsakanin ƙafafun giya, ko boris ya kama don rashin mai, ko kaca ta goce ta cushe tsakanin faranti da ƙarfen babur, ƙafa ta kan tsaya cik, babur ya ja gefe ya zubar da mutane. A nan akwai bambanci da ya wajaba kowane mahayi ya sani. In inji ne ya kama, matse kuloci nan take ya kan saki ƙafar ta ci gaba da juyawa. Amma in ɓarnar a cikin akwatin giya ta ke, ko a kaca, matse kuloci ba ya hana kome, gama abin da ya ƙulle yana bayan kuloci ne. Duk da haka mahayi ya matse shi, tun da ba shi da lokacin tantancewa, ya riƙe kan babur sosai, kada ya damƙe birkin gaba da ƙarfi.

Haɗari na biyu tsinkewar kaca. In ta tsinke ta faɗi ƙasa, abin da sauƙi: birki na nan da ransa, sai a rage wuta, a ba da hannu, a sauka gefen hanya. Amma ta kan yi bulala ta fasa murfin inji, ko ta sari ƙafar mahayi, ko ta naɗe a cibiya.

Na uku, fitar giya ko zamewar kuloci daidai lokacin da a ke wuce babbar mota, ko a ke tsallaka titi. Mahayi ya ba da wuta yana tsammanin babur zai fizga, sai ya ji wayam, ga mota ta taho.

Na huɗu, gangara a firi. Muddin babur na cikin giya, inji na taimakon birki wajen riƙe shi. In an sa firi, dukan nauyi ya koma kan birki, shi kuwa in ya yi zafi ƙarfinsa ya kan ragu. Masu bin hanyoyin dutse, kamar na ƙasar Filato da hawan Mambila zuwa Gembu, su su ka fi bukatar wannan gargaɗi. A sauka tudu da giyar da a ka hau shi da ita.

Na biyar ya shafi tufafi. Da yawa su kan cire murfin kaca su yar, wai don yana ƙara. Daga nan bakin babbar riga, ko zane, ko hijabin mace, ko ƙafar yaron da a ka goya, ba abin da ya raba su da kaca da wayoyin ƙafa. Hijabi in kaca ta kama shi ya kan fizgo mace ta wuya, ta faɗo da ka. Murfin kaca ba ado ba ne, kada a yarda a cire shi. Mace kuma ta tattara tufafinta a cinya kafin a tashi.

YADDA A KE KIYAYEWA DA GYARAWA

Akwai abin da mai babur zai yi da hannunsa, akwai kuma abin da sai makaniki.

Kowace safiya ya tsai da babur a miƙe a wuri mai daidai, ya duba mai da ɗan sandan awo. Sabon babur a juye masa man fari da wuri, kamar yadda littafinsa ya ce, domin sabon ƙarfe ya kan zubar da ɓarɓashi. Bayan haka a bi adadin kilomitan da littafin ya faɗa, mai aikin haya da mai bin hanyar ƙura kuwa su rage a kan wannan adadi. A juye mai inji na da ɗumi, a wanke 'yar rariyar da ke tace shi.

Kaca a duba ta kowane mako, ko bayan kimanin kilomita 500, da kuma duk ran da a ka ratsa ruwa. A tsakiyar tsakanin faranti biyu, ya kamata ta yi wasa sama da ƙasa kamar milimita 20 zuwa 30, watau wajen faɗin yatsa ɗaya da rabi. In ta yi sako-sako ta kan goce. In kuwa ta yi tsauri ta kan ja sandan giya, ta kashe boris, mai ya fara yoyo. A juya ƙafa a nemi inda ta fi tsauri, a yi awo a nan. Wajen ɗaurewa a daidaita alamun da ke hagu da dama, don ƙafa ta tsaya sak. A wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, a bar ta ta tsane, kāna a ɗiga mata man giya mai kauri. Lalle a kashe inji tukuna. Mutane sun rasa yatsu wajen shafa wa kaca mai tana juyawa.

Hannun kuloci ya kamata ya yi ɗan wasa kafin ya fara ja, kamar milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa. Wayar kuma in ta fara tsittsinkewa a sake ta tun ba ta yanke a cikin kasuwa ba.

Game da aikin makaniki, ga abin da mai babur zai tsaya a kai:

In kaca ta ƙare a sake ta tare da faranti biyun gaba ɗaya. Sabuwar kaca a kan tsohon faranti ba ta daɗewa. Yanke gaɓa biyu daga kacar da ta miƙe ba ya mai da ita sabuwa, gama cin yana cikin kowace gaɓa. Ɗan makullin da ke haɗa bakin kaca a sa shi rufaffen kansa na fuskantar inda kaca ke tafiya, kada kuma a maye gurbinsa da waya.

In faifan kuloci sun cinye a sake su duka, a jiƙa sababbin cikin baƙin mai kafin a ɗaura, a duba sifirin da faifan ƙarfe.

In giya na fita, babu makawa sai an sauke inji an raba shi biyu. A sake ƙafar da ƙahoninta su ka cinye tare da wadda ta ke shiga, a duba gwafa da ganga da boris, a sa sabon gaskit. A yi aikin a kan tabarma ko tebur mai tsabta, ba a cikin yashi ba. Mai babur ya ce a nuna masa tsofaffin kayan da a ka cire.

In tsagin sandan da ke riƙe ƙaramin faranti ya cinye, waɗansu su kan kai wa mai walda ya like farantin. Wannan dabara ta yini ɗaya ce. Zafin walda na ƙone robar da ke tare mai, ran da farantin ya ƙare kuma sai an yanke shi, sandan da a ke gudun saye dai sai an saye shi. Kuɗin galan ɗin mai na ƙwarai bai kai kashi kaɗan na kuɗin raba inji ba, kuɗin raba inji kuwa bai kai na ɗorin karaya da zaman wata uku ba noma ba.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI DA MAGATAKARDA

Ana roƙon kowane Hakimi ya sa a karanta wannan takarda a gaban Dagatai da masu unguwa ran da su ka taru, su kuma su isar ga jama'a a dandali da bakin kasuwa. Inda a ke yin haya da babur, a kira shugabannin 'yan acaɓa da na makanikai a zauna da su, domin maganarsu ta fi saurin shiga kunnen yaransu. A tuna kuma cewa waɗansu jihohi sun hana hayar babur a waɗansu wurare, kamar yadda Jihar Kano ta yi a cikin birni a 2013, saboda haka kowa ya bi dokar inda ya ke.

Ga baburan ofis da na ma'aikatan gunduma, magatakarda ya buɗe littafi, kowane babur da shafinsa. A rubuta lambarsa, da sunan mai riƙe da shi, da ranar da a ka juye mai, da kilomitan da agogo ya nuna, da irin man da a ka zuba, da kayan da a ka sake, da sunan wanda ya yi aikin. Babur ɗin da a ka ce giyarsa na fita a ajiye makullinsa a ofis har a gyara, kome gaggawar saƙon da za a kai.

Wanda a ka sayar wa jabun mai ko jabun kaya ya riƙe rasit da kwalin, a kai ƙara ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya. In haɗari ya auku a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda a ka kafa a 1988, a lamba 122. Wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya kada a ɗaga shi da gaggawa, kada a murɗa masa kai. Hular kwano kuwa, wadda a ka fara tilasta sa ta tun 1 ga Janairu 2009, wajibi ce ga mahayi da wanda ya goya.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babur ba ya ƙulle ƙafa rana ɗaya ba tare da ya daɗe yana kuka ba. Hakimin da ya sa mutanensa su ka koyi sauraren wannan kuka ya tsare rayuka a ƙasarsa, ya kuma tsare dukiyar da talaka ya sayar da amfanin gonarsa ya saya. Allah ya kiyaye hanya.